Senti Arba'in

A ɗaki na bakwai, kotun Mannheim,
aikina aron bakin mutane.
In ɗauki magana daga Jamusanci in kai ta Sinanci,
in dawo da amsa ban zubar da ko ɗigo ba.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan dako.

Yau Laraba. Ƙanƙara ta narke ta zama taɓo,
kowa ya shigo da rabonsa a tafin takalmi.

A hagu ga Qiu Lanfen, daga Dongguan,
mai ma'aikata ɗari biyu da sittin.
Wayar da take ƙerawa ba a tallarta a allon titi,
ta direban tasi ce, da mai goge benen otal.
Ribarta a kowace ɗaya senti sittin.
Ana neman arba'in.

A dama lauyoyi uku, kwat iri ɗaya,
wakilan kamfanin da bai taɓa ɗaure ko noti ba.
Duk gidansa akwatin wasiƙa ne a Dublin
da durowa cike da takardun haƙƙin ƙirƙira
da ya kwasa a gwanjo,
kamar mai sayen gonar da bai san hanyarta ba.

Kalma ɗaya ta hana mu abincin rana:
adalci.
Yarjejeniya ta ce a ba kowa lasisi a farashin adalci,
ba ta ce nawa ba.
Lauya ya faɗe ta, na juya ta,
Qiu ta ce in sake. Na sake.
Ta ce, "Kalmar na ji ta. Kuɗinta nake tambaya."

Sai aka kira shaida.
Aulis Kettunen, tsohon injiniya daga Oulu,
rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu,
Jamusancinsa na ɗingishi.
Shi ya gano yadda waya za ta saki turke ta kama na gaba
ba tare da magana ta tsinke ba,
kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.
Ya ce a jirgin ƙasa ya zana abin, a bayan tikiti,
ranar da matarsa ke gaya masa sakamakon asibiti
layi ya yanke sau huɗu.

Alƙaliya ta ce, "Me ka samu?"
"Agogo," in ji shi, "da albashin wata guda."
Ya ɗaga hannu a gani. Agogon ya daɗe da tsayawa.
Kura da shan bugu, na ce a raina.
Wannan kam ban fassara wa kowa ba.

Lokacin hutu na same su gaban injin kofi.
Batirinsa ya mutu, yana ta shafa aljihu.
Qiu ta ciro ɗaya daga jaka,
'yar'uwar wadda aka liƙa wa lamba a teburin alƙaliya,
ta miƙa masa.
Ba wanda ya nemi tafinta.

Ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu,
ya danna lambar gida da yatsa ɗaya.
Yana magana ya sauka bene,
ya fice har bakin layin tarago.
Muna hango shi ta taga, ɗan mitsitsi cikin yayyafi,
yana dariya.

Ya dawo ya ce, "Ba ta yanke ba."
Ya laluba, ya jera mata tsaba a kan injin:
ashirin, goma, goma.
Qiu ta daɗe tana kallon su.
Ta tura masa da ɗan yatsa, ta juyo gare ni:
"Gaya masa nasa ne tun asali."
Kafin in buɗe baki aka kira mu ciki.

An ɗage zama sai Afrilu.
Saura wata goma sha huɗu wa'adin takardar ya cika,
na ji lauyoyi na lissafinsa a ƙofar fita.

Da yamma tsabar na nan inda suka bar ta.
Kofi senti casa'in ne.
Na cika hamsin daga aljihuna.